Kwanon Birki a Reshen Gawo

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, a shekarar da na ajiye aikin koyar da sarrafa ƙarfe, sai saƙo ya iske ni a Kano daga matar kawuna, wadda muke kira Inna. Ta ce bangon ɗakin da motar marigayi take ciki ya tsage, ruwa yana shiga, in ban zo na fitar da ita ba ginin zai rufta mata. Kawu ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk mata ne suna ɗakunansu, kuma a dangi ni kaɗai ne hannuna ya saba da sifana. Na zuba 'yan kayan aikina a buhu, na hau bas zuwa Makoda, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen.

Motar ba irin wadda ake gani a wajenmu ba ce. 'Yar ƙarama ce mai kujera biyu, ba ta da rufi, hancinta dogo, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare ya lafe. Ƙafafunta na wayoyi ne irin na keke, kowacce wani ƙaton noti mai kunnuwa biyu ne ya riƙe ta, da guduma ake kwance shi. Kawu ya same ta a hannun wani Bature da ya yi wa aikin awon gyaɗa, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ina yaro na sha ganinta ja wur tana ratsa gonaki, kan Kawu kaɗai ake hangowa a saman shuka. Daga baya na tafi makaranta, na kama aiki, da na waiwayo sai na tarar ya kulle ta a ɗaki. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da na buɗe ƙofar, warin laima da kashin jemage ya tare ni. Jan ya dushe ya koma kalar busasshen barkono. Na ba tayoyin iska, na roƙi maƙwabta suka kama mini turi, amma ko gezau ba ta yi ba. Na san abin da ya riƙe ta. Birkin irin waɗannan tsofaffin motoci a ɓoye yake. Bayan kowace taya akwai wani kwanon ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da ita, a cikinsa kuma akwai lainin guda biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata. In ka taka birki sai su buɗe su danne cikin kwanon, mota ta tsaya. Idan mota ta daɗe a ajiye cikin laima, tsatsa sai ta haɗe lainin da kwanon su zama abu guda. Sai an cire kowane kwano an wanke kafin ƙafa ta juya.

Washegari da hantsi na fara da ƙafar gaba. Na sa jak, na tare da kututture, na cire tayar. Na lalubi ɗan ƙarfen da ake murɗawa ta baya a janye lainin, na jiƙa shi da kananzir har ya yarda. Sannan na bi gefen kwanon da guduma a hankali, ina zagayawa, ba da ƙarfi ba, don zubin ƙarfe ba ya son fushi. Can sai ya saki, ya zamo hannuna tare da garin tsatsa da gidan zanzaro. Kyakkyawan aiki ne. A bayansa akwai haƙarƙari a jere don iska ta riƙa sanyaya shi, ramukan noti huɗu, da wasu haruffa da aka zuba tare da shi a gefe.

Abu na farko da nake koya wa ɗalibaina game da zubin ƙarfe shi ne, kafin ka amince da shi, rataye shi ka buga. Lafiyayye zai yi amo mai tsawo. Mai tsaga kuwa zai amsa a taƙaice kamar fasasshiyar ƙwarya. Saboda haka na zura masa waya, na rataye shi a azarar rumfa, na ɗauki sifana na buga sau ɗaya.

Ban taɓa jin kwanon birki mai irin wannan murya ba. Siririya ce, mai sanyi, ta fita ta kan katanga ta yi ta tafiya ba ta faɗi ba. Kafin nan gari cike yake da hayaniyar hantsi: ana daka a gidan maƙwabta, rediyo na magana a wani zaure, wata mata tana yi wa akuyarta faɗa. Sai dakan ya tsaya cak. Aka kashe rediyon. Na tsaya da sifana a hannu ina jin kwanon yana ƙarasa kukansa shi kaɗai a cikin shirun da ban san daga ina ya zo ba.

Wata murya ta taso a hankali daga bayan katanga.

"Inna, lafiya? Wa aka rasa?"

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, sai dai ta bambance haske da duhu. Ta ɗaga murya ta ce, "Ba kowa. Ɗana ne yake gyara." Sannan ta juyo da fuskarta inda take zaton nake, ta ce, "Kada ka ƙara."

Sai da aka jima kafin taɓarya ta sake sauka a turmi, ita ma kamar da shakka.

Ban tambaye ta ba a lokacin, don na ga hannunta ya bar gyaɗar. Na ci gaba da aikina. Sauran kwanonin a cikin ɗaki na gwada su, na saki asabari, na ƙwanƙwasa da farce kawai ina kara kunne. Ɗaya na gaban da na baya na dama duk muryarsu ɗaya da na farko. Na baya na hagu ne ya fita daban tun kafin in cire shi. Ya fi sauran faɗi, bayansa sumul ba haƙarƙari, ramukan notinsa an ƙara musu baki da magagari don su shiga inda ba nasu ba. Da na duba cikinsa, gefe ɗaya kawai lainin ya taɓa ci. Na tabbata daga wata tsohuwar a-kori-kura aka ciro shi. Na buga shi da sifana ba tare da fargaba ba, ya ce ƙwas, ya yi shiru.

Daga waje Inna ta ce, "Wannan baƙo ne."

Na fito da shi a hannu na tsuguna gabanta. Na ce, "Inna, ina ɗan gidan yake?"

"Yana maƙabarta," in ji ta. "A gawo."

Ta ba ni labarin tana shafa ɓawon gyaɗa a tafinta. Wata damina, ina can birni, amai da gudawa suka shigo ƙauyen. Ana mutuwa da rana tsaka, maza duk suna gona, shuka ta rufe ko'ina, in ka aika kira sai ɗan aiken ya yi ta yawo bai ga kowa ba. Gawa kuma ba ta jira. Kawu ya yi ta kwasar marasa lafiya a motar nan zuwa asibiti, ɗaya bayan ɗaya, tunda kujerar fasinja ɗaya ce. Wata rana ya dawo da wadda ta cika a hanya, ya rasa masu haƙa kabari har la'asar. Da ya dawo daga jana'izar bai shiga ɗaki ba, ya kwance ƙafar motar, ya cire kwanon, ya kai shi ya rataye. Liman na lokacin ya ce ai ba ibada ba ce, kira ne kamar kiran gobara. Tun daga ranar, duk wanda ya ji muryar nan ya san an yi rashi.

"Sai ya samo wancan ya sa," in ji ta. "Amma ya ce in ya taka birki tana fizgewa gefe kamar jakin da ya ga rami. Ran da ta kusa kai shi cikin rafi, ya shigo da ita ya kulle."

Na yanki kara daidai faɗin cikin kwanon baya na dama, na shafa alli a takarda na kwafi haruffan gefensa, na nufi maƙabarta bayan azahar. Hanyar burtali ce, siririya, dawa ta yi mata katanga hagu da dama, ba ka ganin komai sai sama. Ba iska. Tun daga nesa na hango gawon. Kowace bishiya a damina kore take shar, shi kaɗai yake zubar da ganye, ya tsaya fari fat da ƙayoyinsa a tsakiyar kore. A reshensa na ƙasa kwanon yake rataye da sarƙar keke, yana juyawa kaɗan kaɗan, ko da yake ban ji abin da ke kaɗa shi ba.

A gindin bishiyar wani dattijo yana zaune yana gyara ƙotar diga. Shi ne babban masu haƙar kabari na ƙauyen, sa'an Kawu ne, Baba nake ce masa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar da ya riga ya yi mini shekarun baya, na amsa kamar sabuwa. Na gaya masa abin da ya kawo ni.

"Duba," ya ce. "Amma da ido."

Na riƙe kwanon da tafin hannu don kada ya yi motsi. Na zura karan a cikinsa, ya shiga daidai, ba saura ba ragi. Haƙarƙarin nan ne, ramuka huɗun nan ne, haruffan ma su ne, sai dai ruwan shekaru ya cinye rabinsu. Gefe guda na bakinsa ya yi ƙyalli, ya ɗan lotsa, wurin da ake bugu. Abin da ya ba ni mamaki, rana na dukansa tun safe amma ƙarfen sanyi ƙalau a hannuna. Na ce a raina inuwar reshe ce, ko da yake reshen ba ganye.

Na tambayi Baba yadda ake buga shi. Bai taɓa ƙarfen ba, sai ya kwatanta da yatsa a gwiwarsa. In gobara ce, a jere ake yi da sauri ba tsayawa. In mutuwa ce, ana farawa kusa da kusa, sai a riƙa ja baya, tazarar tana ƙaruwa, har na ƙarshe ya zo shi kaɗai bayan mutum ya ɗauka an gama.

Na ce masa ina so in mayar da kwanon jikin motarsa, in kawo wani ƙarfen a madadinsa. Ya ajiye ƙotar da ke hannunsa.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Ka ga liman da mai unguwa. Yanzu ma ai waya ta rage masa aiki. Sai dai ka sani, ya daɗe bai yi birki ba."

Liman da mai unguwa ba su ja ba. Suka ce kayan gado ne, kuma masallaci ya samu lasifika mai aiki da hasken rana. Na samo wilin babbar mota a Makoda, muka rataye shi a wurin. Baba ya kwance sarƙar da hannunsa, ya naɗe kwanon a tsohon buhu kafin ya miƙo mini, yadda ba zai gogi komai ya yi ƙara a hanya ba.

Aikin ya ci makonni. Ina zuwa Kano ina dawowa. Na wanke kwanonin da kananzir, na bi cikinsu da samfefa har ƙarfen ya fito fari. Na gawon na fi ba lokaci, don ƙarfen da ya sha bugu shekara da shekaru ba a yarda da shi haka nan. Na jiƙa shi da kananzir, na goge, na barbaɗa masa garin alli. In akwai tsaga, ko ta kai siririn gashi, man da ya maƙale a ciki zai fito ya zana ta a kan allin. Na jira, allin ya zauna fari. Na kai shi wurin mai injin sassaƙar ƙarfe a birni, ya ɗora ya juya, ya nuna mini yadda wurin bugun ya ɗan shigo ciki. Ya ce naman ƙarfen ya yi kaɗan, in ya ci da yawa zai lalace, sai dai ya shafe sama sama. Na ce ya yi hakan. Aka buga sabon lainin, na canja robobin da suka ruɓe, na sa sababbin sifirin. Na mayar da kowane kwano mazauninsa, ina matso da lainin har taya ta kama, sannan in ja baya kaɗan har ta juya da 'yar shafa. Injin kuwa labarinsa daban ne, amma shi ma daga ƙarshe ya yi tari ya tashi.

Saura fitar da iska daga man birki, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Dole wani ya zauna yana taka birki, kai kana ƙasa kana buɗe ɗan noti kana rufewa. Maza duk suna gona. Inna ta ce, "In taku ne kawai, ai ina da ƙafa." Na kama hannunta na zaunar da ita a kujerar direba, na ɗora ƙafarta a wurin. Ina ƙarƙashin mota ina cewa, "Taka, Inna. Riƙe. Saki." Tana yi tana dariya, ta ce duk zamanta da Kawu bai taɓa barinta ta zauna a wannan gefen ba. Da muka zo ƙafar baya ta hagu, dariyar ta ɗauke. Ta taka, ta riƙe, na ce ta saki, ba ta saki ba. Na sake faɗa. Sai ta ce, "Na ji ka," ta ɗaga ƙafar a hankali.

Ranar da na fita gwaji, an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye ya wanke, rana ta fito da ƙarfi. Wajen tsakar rana na fitar da motar na bi burtalin da ya gangara wajen rafi, don ƙasarsa yashi ce ba ta riƙe taɓo. A cikin motar nan kusan a ƙasa kake zaune. Dawa ta yi mini rumfa, ganyenta yana shafar kafaɗata. Na ɗan ƙara wuta, da na zo gangaren na ɗora ƙafa a birki.

Motar ta tsaya miƙe, ba ta fizge ba. Amma daga bayana, ta hagu, muryar nan ta tashi. Duk juyin taya, in wurin lotsawar ya zo kan lainin, sai ya buga. Da farko kusa da kusa. Da tayar ta rage gudu, tazarar ta riƙa ƙaruwa. Motar ta kusa tsayawa, na ɗauka an gama, sai tayar ta ƙarasa juyinta na ƙarshe, ya buga guda ɗaya shi kaɗai.

Na kashe injin. Ban ji ko tsuntsu ba.

Sai dawa ta fara motsi. Wani mutum ya fito ta gabana da fartanya a kafaɗa, taɓo har gwiwa. Wani ya fito ta dama. Wasu biyu ta baya. Duk na san su, wasu da safen nan muka gaisa, amma ba wanda ya yi mini sallama, ba wanda ya dubi motar. Leɓunansu na motsi da salati, idonsu a hanyar maƙabarta. Suka riƙa raɓa motar suna wucewa ta gefe da gefe kamar ruwa ya samu dutse, wasu na fitowa suna bin bayansu. Ban san gonakin nan suna ɗauke da mutane haka ba.  Na miƙe tsaye a cikin motar na dafa gilashi.

"Jama'a! Ba mutuwa ba ce. Birki ne. Ni ne."

Suka tsaya. Suka juyo gaba ɗaya suna kallona, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi magana ana tsakiyar salla. Wani magidanci ya ce, "Malam, bugun ya fito daidai. Har na ƙarshen."

Na fara bayani, ina nuna taya, ina maganar lotsawa da lainin. Ba wanda ya yi musu, ba kuma wanda ya koma gona. Muna nan tsaye sai ga Baba ya ɓullo daga ƙasan burtali da digarsa, yana tafiya a hankali. Ya dubi motar, ya dube ni. 

"Tunda an taru, ba a watsewa haka," ya ce. "Ruwan jiya ya yi yawa. Mu je mu duba makwantai."

Na bar motar a nan na bi su. Ciyawa ta rufe maƙabartar har ƙugu. Muka bazu muna ratsawa, kowa na duba gabansa. Ba a jima ba wani ya ɗaga hannu daga can gefen gabas. Wani tsohon kabari ne ya rufta ta gefe guda. Ƙasar ta zurma, itatuwan da aka jera sun karye, fasassun tukwane sun zame ciki, ga wani baƙin rami da ruwa ya bi. Daga hanya ba mai ganinsa, kuma da an ƙara ruwa ɗaya ko biyu, da abin da ke ciki ya fito fili. Sauran kaburburan duk lafiyarsu ƙalau.

Aka saro sababbin itatuwa, aka kwaɓa ƙasa. Na tuɓe riga na karɓi shebur. Muna cikin aiki na matsa kusa da Baba, don a wajenmu ba a rubuta suna a kabari, shi kaɗai ya san kowa da makwancinsa. Na ce, "Baba, na wane ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na mai motar."

Na san dalilin ƙarar nan. Da hannuna na shafa lotsawar, da idona na ga injin ya kasa cinye ta. Ruwa kuma yana rusa kabari kowace damina. Duk na faɗa wa kaina wannan ina tura ƙasa, amma duk da haka sai da na ajiye shebur na zauna a kan ciyawa. Aka gama, liman ya yi addu'a, mutane suka koma gonakinsu, yanzu kam suna yi mini sannu ɗaya bayan ɗaya. Motar kuwa turo ta muka yi zuwa gida, ina riƙe da sitiyari, ban yarda ƙafata ta je kusa da birki ba.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Allah ya kai haske." Ta tambaya ko an sa itace mai kyau. Na ce marke aka sa. Ta ce to madalla.

Na sake kwance ƙafar. Na gogi bakin lainin da magagari na kwantar da shi, na ƙara bin wurin lotsawar da samfefa, na ja lainin baya fiye da yadda ya kamata. Na ɗaga ƙafar a jak na juya da hannu, ba ƙara. Na gwada a tsakar gida, ba ƙara. Bayan 'yan kwanaki Inna ta ce tana so in kai ta bakin kwalta ta ji iska. Na zaunar da ita, muka fita da hantsi, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A wata 'yar kwana na taɓa birki kaɗan. Ni ban ji komai ba sai shafar lainin.

Inna ta dafa hannuna. "Ka ji?"

"Ban ji ba, Inna."

"Yana yi," in ji ta. "A ciki."

Can nesa, a wata gonar gyaɗa da ba ta da shinge, na hango wani mutum da ke sunkuye ya miƙe, ya juyo wajenmu, ya tsaya da hannuwansa a sake. Bai taho ba, bai kuma koma aikinsa ba, har muka sha kwana.

Daga ranar ban sake tuƙa ta da wannan kwanon ba. Na cire shi na naɗe a buhunsa. Na ba wani dillalin tsofaffin kayan mota a birni karan nan da kwafin haruffan, ya yi ta cigiya har bayan girbi, sannan ya samo mini irinsa sak daga wata motar da ta mutu a wani gareji. Na ɗaura shi, na gwada a burtali, ya kama shiru kamar kowane birki.

Na ɗauki buhun da kwanon gawo yake ciki na kai wa Baba. Ya ce dama wilin nan bai karɓu ba, in an buga mutane sai su ɗauka 'yan makaranta ne aka tasa. Ya hau kan dutse ya mayar da sarƙar, ya rataye kwanon a inda yake. Ni kuwa abu ɗaya ke cina, tunda an sassaƙe cikinsa, ina so in ji ko muryar ta canja. Na ɗauki guntun ƙarfen da ake bugu da shi, na ce ko sau ɗaya ne, a hankali. Baba ya kama wuyan hannuna. Ban zaci tsoho yana da irin wannan ƙarfi ba.

"Ba a gwada shi," ya ce.

Ya karɓi ƙarfen ya soke a kogon bishiyar. Sannan ya karkaɗe hannu, ya ce tunda ran kasuwa ce, kuma bai taɓa shiga motar nan da ƙafarsa ba sai dai ya ciro mutane daga cikinta, in rage masa hanya zuwa Makoda. Na buɗe masa ƙofa, ya naɗe babbar rigarsa ya zauna, gwiwoyinsa kusan a haɓa. Duk inda na taka birki sai ya karkatar da kai baya ta hagu, ya kasa kunne. Haka muka yi ta tafiya. Da muka isa bakin kasuwa na tsaya, ya jira har motar ta daina motsi gaba ɗaya, ya ƙara jira kaɗan.

"Wannan bebe ne," ya ce.

Ya fita da ƙyar, ya gyara hularsa, ya shige layin masu igiya.